Tazarar da Ba Ta Fita a Hoto

A Tasawa, gefen kwaltar da ta miƙe zuwa Damagaram, akwai wata rumfar walda da nakan raɓa in sha inuwa duk lokacin da na je gida. Mai rumfar dattijo ne, ɗan gidan maƙera. Da zugazugi da masaba ya fara a gaban mahaifinsa, kafin zamani ya miƙa masa wutar walda. Wata ranar kaka ina zaune, sai ga wani manomi daga wajen Korgom ya sauke injin ɓare gyaɗa na hannu daga kan amalanke. Na maƙwabcinsa ne ya aro, daga Nijeriya aka sayo shi, kuma irinsa yake so a yi masa, sak.

Injin ba wani abin mamaki ba ne. Kwando ne na ƙarfe mai siffar rabin ganga, gindinsa raga mai ramuka, sai dogon hannu da ake kaɗawa gaba da baya. A ƙasan hannun akwai ƙarafa masu haƙora da ke murza gyaɗa a kan ragar, ɓawo ya fashe, ƙwaya da ɓawo su zubo ƙasa, mata su kwashe su sheƙe. Na zaci dattijon zai ɗauko tef ya hau awo. Ko kallon tef bai yi ba. Kifar da injin ya yi, ya bi shi da yatsa yana neman inda fenti ya goge, inda ƙarfe ya yi sheƙi saboda gugar aiki, inda walda ta taɓa tsagewa aka sake ɗinke ta. Ya kaɗa hannun a hankali, kunnensa kusa da ragar. Daga nan ya zura ɗan yatsansa tsakanin haƙoran da ragar, ya ɗan yi shiru, ya ɗago kai.

"Ina gyaɗar taka?"

"Tana gida, Baba. Ai injin aka ce in kawo."

"Injin na gan shi. Ka kawo mini tiya guda ta irin wadda kake nomawa. Wannan don gyaɗa mai manyan ƙwaya aka yi shi. In taka ƙanana ce na yi maka shi sak, da ɓawonta za ta riƙa faɗowa, ka dawo kana zagina a kasuwa."

Duk sirrin injin nan a wuri biyu yake: faɗin ramukan raga, da tazarar da ke tsakanin haƙora da raga. Rami ya yi faɗi, gyaɗa ta sulale ba a ɓare ta ba. Tazara ta yi kaɗan, ƙwaya ta farfashe, ba ta iri, ba ta kasuwa. Sauran ƙarafan duk masu riƙe waɗannan biyun ne kawai, kowane yaron walda zai iya haɗa su.

Abin da ya sa wannan rana ta tsaya mini a rai shi ne tambayar ɗan ƙanwata. Yaro ne ɗan lise, tun yana ƙarami yake ƙera motoci, ya fara da na kara, ya koma na gwangwanin kifi da tayoyin da ya yanko daga tsohon silifa, har ya kai ga ciro ɗan injin matacciyar rediyo mai kaset ya haɗa da batir motar ta tafi da kanta. Yanzu kuma ya kamu da kallon gasar mutum-mutumi ta 'yan makaranta a waya. Ya ce mini: "Kawu, tunda waɗanda suka ci suna saka hoton na'urarsu kowa ya gani, me zai hana mutum ya kwafe ta tsaf, shi ma ya je ya ci?"

Sunan mutum-mutumi ma kan ruɗi mutum a nan, domin abin ba kai, ba ƙafa. 'Yar amalanke ce mai batir da kwamfuta a ciki, da hannu ɗaya ko biyu na ɗaukar kaya. Gasar da ta fi suna ita ce FIRST, wadda wani mai ƙirƙire-ƙirƙire Ba'amurke, Dean Kamen, ya kafa ƙungiyarta a 1989, aka yi karon farko a 1992 a jihar New Hampshire da ƙungiyoyi 28. Kowace shekara a farkon Janairu ake bayyana sabon wasa: bana a tsinci ƙwallo a jefa a raga, baɗi a ɗora akwati a kan sikeli, wata shekarar na'ura ta kama ƙarfe ta ɗaga kanta sama. Ƙungiya uku ke haɗuwa su kara da uku, wasan kusan minti biyu da rabi, kuma a 'yan daƙiƙun farko ba mai taɓa na'urar, umarnin da aka rubuta mata take bi. Har zuwa 2019 mako shida kacal ake ba ɗalibai, daga nan a ƙulle na'urar a cikin leda sai ranar gasa. Akwai kuma VEX, mai ƙananan na'urori da dole su shiga cikin akwati mai inci 18 ta kowane ɓangare kafin a busa usur, biyu da biyu ake karawa, kuma wasa ɗaya ake bugawa tsawon shekara. A 2017 aka fara FIRST Global a Washinton, inda ƙasashe fiye da 150 suka aika ƙungiya ɗaiɗai, kowa da akwatin kayan haɗi iri ɗaya. A waccan shekarar ne duniya ta ji labarin 'yan matan Herat na Afganistan da yaran Gambiya da aka fara hana su biza kafin daga baya a ba su. Mu ma a nahiyarmu akwai gasar PARC da Sidy Ndao, malamin jami'a ɗan Senegal, ya kafa a Dakar.

Abin da ya fara ba yaron mamaki shi ne da na ce masa kwafi a can ba satar amsa ba ce. Dokar FIRST ma cewa ta yi, zane ko manhajar da ƙungiya ta shirya tun kafin a bayyana wasan shekara, ba za ta yi amfani da shi ba sai in ta riga ta baza shi a fili kowa ya samu. Tun 2013 akwai manya da ɗaliban jami'a da ke ƙera na'ura cikin kwana uku da bayyana wasa, su nuna wa duniya abin da ya yi da wanda bai yi ba, don ƙananan ƙungiyoyi su ɗauka. Ƙungiya mai lamba 254 ta garin San Jose, wadda ta ci kofin duniya a 2018 ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba a wasannin kakar, takan fitar da manhajarta da littafin bayanin na'urarta bayan gasa. Ƙofa a buɗe take. Daga na gaba ake ganin zurfin ruwa, kuma na gaban nan har tsayawa suke su nuna maka inda suka taka.

To me ya sa duk da haka ba kowa ke zama 254 ba?

'Yan VEX suna da wata kalma ta tsokana da suke jifan juna da ita: ƙirga ramuka. Ƙarafan da ake haɗa na'urar VEX da su duk a huhhuje suke, rami bayan rami, rabin inci tsakani. Saboda haka yaro zai iya tsayar da bidiyon zakarun wata gasa, ya matso da hoton, ya ƙirga: wannan sanda rami ashirin da biyar, an ɗaura giya a rami na bakwai, hannu ya fita daga na goma sha biyu. Cikin mako guda ga na'ura kamar an tsaga kara. A ajiye su gefe da gefe ba ka bambancewa. A saka su fili kuwa, ɗaya tana tsintar ƙwallo kamar kaza a kan tsaba, ɗayar tana ture shi gaba tana binsa.

Ɗauki na'urar harba ƙwallo, tunda ita ta fi yawo a waɗannan gasa. Taya ce ke juyawa da gudu, ƙwallo ya biyo tsakaninta da wani murfi mai lanƙwasa, ta matse shi ta cilla. A hoto za ka gane girman tayar, za ka ƙirga haƙoran giya in hoton ya fita da kyau. Yawan matsin ne ba ya fita, wato milimita nawa ƙwallon ke lotsawa a tsakanin taya da murfi. Matsi ya yi kaɗan, taya ta zame a jikin ƙwallo, ya faɗi nan kusa. Ya yi yawa, injin ya shaƙe, gudunsa ya ragu, harbi na biyu ya gaza na farko. Ƙwallon soso sabo fil kuma daban yake da wanda aka kwana biyu ana tattakawa a fili. Waɗanda suka ƙera ta asali sun yi wannan gwaji da katako da matsi na wucin gadi sau ba adadi, suna matso da murfin suna ja da shi baya, har suka dace. Wanda ya kwafa ya samu amsar ƙarshe kaɗai. Ranar da aka ba shi ƙwallo mai ɗan tauri, bai san wane noti zai sassauta ba. Tazarar ragar gyaɗa ce dai ta sake dawowa da wata riga.

Manhaja ta fi wannan wuya. Kana iya saukar da rubutun 254 duka a kwamfutarka, amma lambobin da ke ciki an daidaita su ne da nauyin na'urarsu, da tayoyinsu, da yadda giyarsu ke da ɗan wasa ko ba ta da shi. Ka zuba su a taka, sai ta wuce inda aka ce ta tsaya, ko ta kama karkarwa a wuri ɗaya. Sai kuma direba. Manyan ƙungiyoyi sukan ƙera na'ura ta biyu don atisaye kawai, yaron da ke riƙe da linzamin ya yi awoyi yana zagaya fili har hannunsa ya san abin da idonsa bai gama gani ba. Wannan ba a saukar da shi daga intanet. Ga kuma lokaci: bidiyon da kake tsayarwa na watan jiya ne, masu shi tuni sun gano aibinsa sun canza. Kai kana gama kwafin jiya ana gobe gasa, ba gwaji, ba atisaye, ka tashi fafe gora ranar tafiya.

Akwai wani abu da dattijon nan ya sani wanda ɗalibai da yawa sai sun sha kashi suke ganewa, shi ne auna zane da kayan aikin da ke hannunka. Manyan ƙungiyoyin Amurka suna da injinan yankan ƙarfe da kwamfuta ke sarrafawa, da injiniyoyi masu ba su shawara. Zanensu ya dogara ne da cewa kowane rami zai faɗa daidai inda aka zana shi. Mai zarto da abin huji na hannu in ya bi wannan zanen, zai kauce da rabin milimita nan, rabin milimita can. A gaɓa ɗaya ba komai ba ne. A gaɓa goma sai tsanin ɗaga kaya ya cije a tsakiyar wasa. Gwanin kwaikwayo tun kafin ya yanka ƙarfe yake tambayar kansa: a cikin wannan abu, wanne ne dabarar, wanne ne kuma gatan masu shi? Ya ɗauki dabarar, ya nemo mata hanyar da hannunsa zai iya.

Mun ga an yi haka a ƙasar nan da idonmu. Famfon ban ruwa na tattakawa da ƙafa a arewacin Bangaladesh aka ƙago shi wajen 1980, wani injiniya ɗan Norway, Gunnar Barnes, yana cikin waɗanda suka yi aikin. Silinda biyu ne, mutum ya hau sanduna biyu yana takawa kamar mai hawan tudu, ruwa na fitowa. A can da gora ake yin matakan, domin ita ce a ƙofar gida. A ƙarshen shekarun 1990 aka kawo shi Nijar, aka koya wa masu walda na gida ƙera shi, aka raɗa masa suna Niyya da Ƙoƙari. Ba su tsaya neman gorar Bangaladesh ba, da ƙarfe da katakon da ke kasuwarmu suka yi, har aka fitar da wani ƙaramin samfuri da ake kira Gajera. Masu lambu a fadamu sun amfana. Amma famfon zuƙo ruwa yake yi, kuma duk famfon da ke zuƙa daga sama ba ya wuce kimanin mita 7 a aikace, domin nauyin iska ne ke turo ruwan cikin bututu, shi kuwa yana da iyaka. Kai shi wani ƙauye a ƙasar Mayahi, inda rijiya sai an ɗaura igiyar guga a jikin sa ko jaki ya yi tafiya mai nisa kafin ruwa ya iso baki, ka ga ikon Allah. Ko wane gwani ya ƙera shi, ko ya fi na asali kyau, ɗigo ba zai fito ba. Wanda ya san dalilin zai gaya maka tun kana bakin rumfarsa, ya hutar da kai asarar jakunkunanka.

Shi ya sa na fi jinjina wa wata ƙungiya ta Houston, mai lamba 118, kan wani abu da ta ɗauko tun 2018. Ban da babbar na'urarsu ta gasa, kowace shekara sukan zana wata mai sauƙi da suke kira Everybot, wadda za a iya haɗawa da kayan aiki na hannu da kuɗi kaɗan, su baza zanen da bayanin haɗawa don a kwafa. Ba ta yin komai da komai. Abu ɗaya ko biyu take yi a wasan, amma tana yinsa kowane zagaye. Daga 2024 su kansu masu shirya FIRST suka fara fitar da irin wannan zanen na masu farawa. Hikimar tana cikin tsarin gasar: bayan zagayen share fage, ƙungiyoyi takwas na sama su ke zaɓar abokan da za su shiga zagayen ƙarshe da su. Mai zaɓe ba ya neman wadda ta yi kama da tasa amma tana mutuwa a tsakiyar fili. Yana neman wadda ya tabbata in an ce ta kawo kaya za ta kawo. Ƙungiyoyi da dama da ba wanda ya san su sun shiga zagayen ƙarshe ta wannan ƙofa.

Don haka amsar da na ba yaron ita ce, kwafi yana kai mutum nesa, har ya wuce inda yake zato. Ga sabuwar ƙungiya ban san makarantar da ta fi shi ba. Amma in za ka kwafa, ka kwafi wanda kayan aikinsa suka yi kusa da naka, ka kwafi gaɓa-gaɓa, hannun wannan, tayoyin wancan, kowace ka gwada ta ita kaɗai har ka san inda take ciwo. Kofin duniya kuwa, ban ga yadda mai bin sawu zai riga mai sawun isa ba. A VEX, saboda shekara guda ake yi ana wasa ɗaya, kafin a kai gasar ƙarshe na'urori da yawa sun koma kusan iri ɗaya, kowa ya ga na kowa. A nan sai a koma kan wa ya fi ɗaure noti da kyau, wa ya fi tuƙi, wa ya fi daidaita daƙiƙu 15 na farko da na'ura ke tafiya da kanta. Kama da wane ba ta wane.

Akwai kuma alƙalai. A VEX babbar lambar yabo ba ta cin wasa kaɗai ba ce, sai an duba littafin da ɗalibai suka riƙa rubuta tafiyar aikinsu a ciki, sannan a zo a tsaya a gaban na'urar a yi musu tambayoyi. Me ya sa giyar nan ba waccan ba? Me kuka gwada kafin wannan? Mai ƙirga ramuka a nan yake yin tsuru-tsuru. Wanda ya ce, mun ga wannan hannun a wurin ƙungiya kaza, muka gwada ya riƙa zamewa, muka rage tazarar, ga shafin da muka rubuta, shi ba abin da zai ji tsoro. A maƙera ma haka abin yake. Ba wanda ke jin kunyar cewa a wurin wane na ga wannan ƙirar. Wanda ake yi wa dariya shi ne mai cewa shi ya ƙaga abin da kowa ya san daga inda ya fito.

Masu ƙorafi suna cewa wannan ɗabi'a tana kashe ƙirƙira, fili ya cika da tagwaye. Ba zan ce ƙarya suke ba, ni ma kallon na'ura shida masu kama ɗaya yana gundurata. Sai dai in na fita tashar Tasawa na ga 'yan kabu-kabu, nakan tuna yawancin baburan Sin da suke hawa injinsu daga Honda CG125 ta Japan aka kwaikwayo shi. Wasu injinan niƙa da ke bugawa dum-dum a ƙauyukanmu kuma jikokin Lister ne na Ingila, wanda kamfanin ya daina ƙerawa a 1987 amma maƙeran Rajkot a Indiya suka ci gaba. Shi kansa Abdou Moumouni, ɗan garin nan da aka haifa a 1929, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, bai ƙago dumama ruwa da rana ba. Ya karanci abin da aka yi a Faransa da Tarayyar Sobiyet, ya dawo ya shugabanci ofishin makamashin rana na ONERSOL daga 1969, ya zauna yana auna ranar Nijar da ƙurarta, yana ƙera abin da zai jure su.

Bayan kwana uku manomin Korgom ya dawo da tiyarsa. Na ja ɗan ƙanwata muka je. Dattijon ya riga ya huda wani guntun faranti da ramuka iri uku. Ya ɗebi gyaɗa ya zuba a kai, yana girgizawa yana kallon wadda ta wuce da wadda ta tsaya, ya ɓare wasu da hannu ya gwada ƙwayar ita ma. Ya zaɓi ramin tsakiya. Wajen ɗaura hannun kuwa sai ya saɓa wa injin aro: maimakon rami zagayayye, ya tsaga doguwar kafa, yadda za a sassauta noti a ɗaga haƙoran ko a sauke su. Ya ce wa manomin in baɗi ya canza iri, raga kawai zai zo a sake masa. Inda waldar na asalin ta taɓa tsagewa kuma ya ƙara ɗan ƙarfe a kusurwar, bai ce komai ba.

Yaron ya kasa haƙuri, ya ciro waya ya nuna masa wata na'ura tana zuƙar ƙwallaye tana cillawa a raga. Dattijon ya ɗaga baƙin gilashinsa zuwa goshi, ya riƙe wayar nesa da fuska, ya sa aka maimaita masa sau uku.

"Ƙwallon nan, in ka matsa shi yana lotsawa?"

"Ban sani ba, Baba. A waya kawai na gani."

Ya miƙa masa wayar, ya sauke gilashin, ya ce wa yaron shagonsa ya tada janareta.